Ina zan kai ƙanena mai tawayar fahimta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da ƙane ɗan shekara 16 a nan Kano. Yana ɗan shekara biyu ya yi zazzaɓi mai zafi har da jijjiga, tun daga nan komai nasa ya koma a hankali. Yana magana amma ba sosai ba, an cire shi daga firamare yana aji uku, farfaɗiya kuma tana buge shi jefi-jefi. Mahaifinmu ya rasu, Innarmu ta manyanta, ni kuma ina gidan miji. Kwanan nan ya fara faɗa da jifa idan yara suka tsokane shi. Wasu sun ce a kai shi asibitin masu taɓin hankali na Dawanau, wasu sun ce gidan mari. Shin akwai wata cibiya ta gwamnati ko ta ƙungiya da za ta karɓe shi ta riƙe shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya ƙara wa Inna lafiya da juriya. Na daɗe ina aiki da iyalan da ke riƙe da irin ƙanenki, kuma kusan kowa da wannan tambayar yake fara zuwa mini: ina zan kai shi? Gaskiyar magana, wurin da zai karɓi saurayi ɗan shekara 16 ya ciyar da shi, ya koya masa sana'a, ya riƙe shi har tsufa, da wuya ki same shi a Arewa. Ko da kin samu ma, ba zan ce ki kai shi ba. Abin da zai amfane shi a warwatse yake, wani a asibiti, wani a masallacin unguwa, wani a shagon maƙwabci. Aikinku shi ne ku tattaro su su kewaye shi yana zaune a gidansu.

Bari mu fara raba zare da abawa, domin masu cewa Dawanau sun haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Taɓin hankali ciwo ne da ke samun mutumin da a da yake lafiya, ya riƙa jin muryoyi ko ganin abin da babu, kuma sau da yawa magani yana dawo da shi hayyacinsa. Abin da kika bayyana ya fi kama da tawayar fahimta: ƙwaƙwalwa ta samu rauni tun tana ƙarama, sai koyo ya zama da nauyi, haka lissafi, haka gane abin da zai cutar da kai. Ana ƙiyasta cewa kusan mutum ɗaya cikin ɗari yana da ita. A ƙasarmu sanadinta sananne ne: doguwar naƙuda har jariri ya rasa iska, shawarar jarirai da ba a kai asibiti da wuri ba, sanƙarau, zazzaɓin cizon sauro da ya hau kai, tamowa, da gubar dalma irin wadda ta kashe yara kimanin 400 a ƙauyukan haƙar zinare na Zamfara a 2010, ta kuma bar wasu da raunin ƙwaƙwalwa. Wasu kuma da ita ake haifarsu, kamar masu larurar da ake yawan kira galahanga. Labarin zazzaɓi da jijjiga na ƙanenki ya yi kama da sanƙarau ko zazzaɓin da ya hau kai, amma likitan da ya gan shi ido da ido ne zai tabbatar. Babu allura ko ƙwayar da ke warkar da wannan. Abin da yake akwai shi ne koyo, kuma yana iya koyo har ƙarshen rayuwarsa, sai dai a kan nasa takun.

Gidan mari kuwa ki toshe kunnenki. A watan Satumban 2019 'yan sanda sun buɗe wani gida a Rigasa ta Kaduna suka fito da mutum sama da 300, wasu da sarƙa a ƙafa, da tabon duka a gadon baya. Makonni kaɗan bayan nan aka sake buɗe irinsa a Daura. Yaron da bai fahimci laifin da ya yi ba, sarƙa ba ta koya masa komai sai tsoro, kuma mai farfaɗiya da aka ɗaure aka yanke masa magani yana iya mutuwa a wurin. Addu'a da ruƙiyya a yi su a gida, a gaban Inna, ba duka ba ɗauri.

Ko ƙasashen da suka fi mu kuɗi sun gwada tara irin waɗannan bayin Allah a manyan gidaje, suka dawo daga rakiyar abin. A jihar New York ta Amurka akwai wata makaranta mai suna Willowbrook da aka gina domin mutum 4,000, aka cusa mata sama da 6,000. Da 'yan jarida suka shiga da kyamara a 1972 suka nuna yara tsirara cikin ƙazanta, sai da aka kai ga rufe ta a 1987. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu buƙata ta musamman, wadda Najeriya ta amince da ita a 2010, ta ce a sashe na 19 haƙƙinsu ne su zauna cikin jama'a kamar kowa. A Kano akwai Gidan Torrey a Tudun Maliki da ke riƙe da yara masu irin wannan larura. Irin waɗannan gidaje suna da ranarsu ga yaron da aka tsinta ba shi da kowa. Ƙanenki yana da uwa, yana da yaya da ta damu har ta rubuto tambaya.

To, daga ina za a fara? Daga farfaɗiyar. Duk sanda ta buge shi tana iya ƙara masa rauni, ga haɗarin faɗawa wuta ko ruwa, alhali mafi yawan masu ita tana lafawa idan suna shan maganin da ya dace kullum ba fashi. Ku fara da asibitin da ya fi kusa ku karɓi takardar turawa zuwa Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Murtala, ku nemi ganin likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Shi kansa Dawanau ba laifi ba ne a je ganin likita a dawo gida a ranar, domin suna duba masu farfaɗiya. Abin da nake hanawa shi ne a kai shi a ajiye. Ku tafi da ɗan littafi da aka rubuta ranakun da ta buge shi da tsawon lokacin da ta ɗauka. Idan an ɗora shi a kan magani, kada a tsayar rana ɗaya don an ga sauƙi, tsayarwa kwatsam tana jawo bugu mai tsanani. Ku kuma roƙi a duba masa ido da kunne da haƙori. Na sha ganin yaron da aka yanke wa hukuncin "ba ya gane komai", ashe rabin matsalar kunne ne.

Wannan ya kawo ni kan faɗa da jifan da kika ambata. Mutumin da bakinsa bai iya cewa "haƙorina yana ciwo" ko "na gaji da zaman ɗaki" ba, da jikinsa yake faɗa. Kafin a ce ya haukace, a zauna a lura: yaushe yake yi, da wa, me ya faru kafin nan? A wasiƙarki ma kin riga kin ba da amsa, kin ce idan yara suka tsokane shi. Saurayi ne ɗan shekara 16, jini yana tafasa, ba makaranta, ba aiki, ba aboki, ya fito ƙofar gida a bi shi da "dolo, dolo". Ko mai cikakken hankali aka yi wa haka kullum sai ya ɗauki dutse. Don Allah kada a je kemis a sayo maganin sa barci a riƙa ɗura masa. Zai yi shiru, amma shirun wanda aka danne ne, kuma wasu daga cikin irin waɗannan magunguna suna tayar da farfaɗiya.

Akwai abin da na daɗe ina lura da shi a tsarinmu na gargajiya. Makafi suna da sarkinsu, guragu suna da nasu, kutare da kurame haka. Idan aka zalunci makaho, akwai wanda zai ɗauki sandarsa ya tafi fada. Masu tawayar fahimta ba su da sarki, ba su da mai magana da yawunsu, ko a tarukan ƙungiyoyin masu buƙata ta musamman kujerarsu ce ta fi zama wayam. Saboda haka sai dangi sun nema musu. Ki sa maigidanki ko wani kawunku ya je wurin mai unguwa da limamin masallacinku, ba da ƙorafi ba, da roƙo: wannan maraya ne, amanar unguwa ce, a yi wa iyayen yara magana. Liman ya ambaci abin sau ɗaya bayan sallar magariba ya fi ku yi shekara kuna kora yara da bulala. Idan ya yiwu a ba shi wani ɗan aiki a masallacin, ko cika butoci ko shimfiɗa tabarmi kafin azahar. Yaron da jama'a suka saba gani yana hidimar masallaci, tsokanarsa tana yi wa yara nauyi.

Sai koyarwa a gida, kuma a nan nake so ki fi ba ni hankalinki, domin nan ne iyalai suka fi yin kuskure saboda tausayi. Inna za ta ga ya daɗe yana kokawa da maɓallin riga, sai ta karɓa ta sa masa. Shekara goma sha shida ana yi masa, har kowa ya ɗauka ba zai iya ba. Dabarar da masu wannan aiki ke bi ita ce a daddatsa kowane aiki ƙanana-ƙanana, a koyar da gaɓa ɗaya har ta zauna kafin a ƙara wata. Sau da yawa ma daga ƙarshe ake farawa. Misali wanki: ki yi masa komai, ki bar masa shanya kawai. Ya shanya, a yaba masa, ya ga shi ne ya kammala. Bayan mako ɗaya ko biyu a ƙara masa ɗauraya, daga baya cuɗawa. Haka alwala, haka wanka, haka haɗa shayi. Umarni ɗaya a lokaci ɗaya, da gajeren zance, kuma a nuna da hannu maimakon dogon bayani. Minti goma kullum a lokaci guda ya fi awa biyu ranar Lahadi.

Kuɗi ma ana koyar da su ko bai iya karanta lamba ba. A bi ta hoto: wannan mai Sardauna ce, naira 200, wannan Murtala ce, naira 20. A fara aikensa shago ɗaya, wurin mutum ɗaya da aka riga aka yi magana da shi, da kuɗi daidai ba canji, ya sayo abu ɗaya. Idan wannan ya zauna sai a ƙara. Abin da za ki sa a gaba shi ne ranar da Inna ba za ta iya tashi ba: me zai iya yi wa kansa a ranar? Wanka, bayan gida, sa kaya, cin abinci, sanin hanyar gida, faɗin sunansa da unguwarsu. Waɗannan sun fi masa ABCD amfani a yanzu.

Batun makaranta ba zan ja shi ba. Makarantar masu buƙata ta musamman ta Tudun Maliki ta fi karkata ga kurame da makafi, masu zaman kansu da ke karɓar irinsa kuma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin gidaje. A shekarunsa na fi son makarantar allo ko Islamiyyar dare ta kusa, wurin malamin da ya yarda ba zai doke shi ba. Ko Fatiha da ƙananan surori ya riƙe, ya samu abin salla, ya kuma samu zama cikin sa'o'insa. Idan kuna son a auna abin da zai iya, Jami'ar Bayero tana da sashen ilimin masu buƙata ta musamman, ku je ku nemi shawararsu.

Abin da ya fi makaranta a wurin saurayi irinsa shi ne aiki. Akwai wani yaro da na taɓa bibiya, kusan sa'an ƙanenki, wanda gidansu suka gaji da shi saboda fashe-fashen kaya. Muka roƙi wani kafinta a layinsu ya bar shi ya riƙa zuwa da safe yana goge katako da samfefa. Watan farko ba ya wuce rabin awa sai ya gudu. Kafintan mai haƙuri ne, ya ƙyale shi. Da aka shekara, shi ke buɗe shago da share shi, kuma fashe-fashen gida ya ragu ƙwarai, don yana dawowa a gajiye da 'yan kuɗinsa a aljihu. Ayyukan da ake maimaita abu ɗaya su suka fi dacewa: kiwon awaki ko kaji, jera kaya a shago, ɗaura ruwan leda, ɓarar gyaɗa, wankin mota. Saboda farfaɗiya a nisanta shi da wuta, inji mai kaifi, rijiya, hawa sama da bakin titi, wato ban da walda, ban da toye-toye. Sharaɗi biyu nake kafa wa mai shago: ba duka, kuma a biya shi ko kaɗan ne, a hannunsa. Wani daga gida ya riƙa leƙawa ba tare da sanarwa ba, domin akwai masu mayar da irinsu bayi, aiki daga safe har dare a sallame su da ƙanzo.

Ta fuskar doka kuna da abin riƙewa, ko da yake takarda daban, aiki da ita daban. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Janairun 2019, ta ba su ilimi kyauta har sakandare, ta ce masu larurar ƙwaƙwalwa a duba su kyauta a asibitocin gwamnati, ta kuma haramta amfani da su wajen bara. A ƙarƙashinta aka kafa hukumar kula da su ta ƙasa a 2020. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ma ta sa su cikin rukunin masu rauni da gwamnati za ta biya wa. Kada ki ɗauka da kin ambaci doka za a buɗe miki ƙofa, sau da yawa ma'aikacin da ke gabanki bai taɓa jin ta ba. Amma ki yi masa lambar NIN, ki karɓi takardar likita da ta bayyana larurarsa, ki je ofishin walwalar jama'a na ƙaramar hukumarku da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jiha ki nemi a sa sunansa cikin masu rauni. A cikin asibiti kuma ki tambayi ofishin walwala, su ne ke da hanyar rage kuɗin magani ga marasa ƙarfi. Hukumar Zakka da Hubusi ma ƙofa ce, maraya mai larura yana cikin waɗanda suka cancanta. Za a yi ta ce miki ki dawo gobe. Ki dawo.

Akwai maganar da ba ki yi ba amma na san tana ranki: idan Inna ta kwanta dama, wa zai riƙe shi? Gara a yi wannan zaman yanzu tana raye, da bakinta a ciki. Gādonsa na mahaifinku haƙƙinsa ne cikakke, larura ba ta rage masa ko kwabo. Aya ta biyar a Suratun Nisa'i ta yi umarnin kada a danƙa wa wanda ba zai iya juya dukiya ba dukiyar, amma a ciyar da shi a tufatar da shi daga cikinta, a kuma yi masa magana mai daɗi. Wato a naɗa amintacce ya riƙe masa. Ina ba da shawarar a yi shi a rubuce, da shaidu, in da hali a gaban alƙali, a kuma raba: wanda yake zaune da shi daban, wanda yake riƙe da lissafin dukiyar daban. Na ga gidaje da dama da rabon irin wannan yaro ya narke a hannun ɗan'uwa da sunan "ai ni nake ciyar da shi". Idan rabonsa ɗaki ne ko shago, a bar shi a sa haya, kuɗin ya riƙa shiga maganinsa. Wanda zai koma hannunsa kuma ya fara sabawa da shi tun yanzu, kwana ɗaya a mako, kada mutuwar uwa da sauyin gida su haɗu masa rana ɗaya.

Za a kuma zo muku da shawarar a yi masa aure ya nutsu. Aure ba magani ba ne. Wasu masu larura mai sauƙi suna yin aure su zauna lafiya da tallafin dangi, amma sai ya san me ake nufi da shi, ita ma matar an gaya mata gaskiya ta yarda. Yanzu dai lokacinsa bai yi ba.

Ita Inna fa? Shekara goma sha huɗu tana wannan hidima, ba hutu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ku 'yan'uwa ku raba kwanaki: wane zai kai shi asibiti, wane zai ɗauke shi ranar Juma'a, wane ke sayen magani. A ranar asibiti ki duba layin da kuke zaune, duk matan nan irin nauyinku suke ɗauke da shi. Ki karɓi lambar biyu ko uku. Ƙungiyar masu galahanga da ke Legas, wadda aka kafa a 2001, wata uwa ce ta fara ta saboda 'yarta. Na ga mata biyar a unguwa ɗaya sun haɗa kansu kamar adashi, yau yaran suna gidan wannan da safe, gobe gidan waccan, kowace ta samu ranar zuwa kasuwa ko barka. Ba su da ofis ba su da rajista, amma sun yi abin da wata cibiyar ba ta yi ba.

Sai tsaronsa. Irin ƙanenki yana yarda da duk wanda ya yi masa murmushi, kuma miyagu sun san haka. Ana aikensu sayen ƙwaya, ana ba su ajiyar kayan sata, ana lalata da su, maza da mata, don an san ba za su iya ba da labari ba. A koya masa da kalmomi masu sauƙi, a maimaita har ya haddace: ba mai taɓa maka nan, ba ka bin kowa ɗaki ko kango, idan an ba ka abu ka kawo wa Inna. In ya dawo ya canza, ya ƙi wani mutum ko wata hanya da ya saba bi, a bincika, kada a ce halinsa ne. Maƙwabta da mai shagon da yake zuwa su san abin yi idan farfaɗiya ta buge shi: a kwantar da shi ta gefe, a janye abin da zai ji masa ciwo, kada a cusa masa cokali a baki, kada a ɗura masa ruwa, kuma ba a ɗaukarta ta yawu. Idan ta wuce minti biyar ba ta sake shi ba, a nufi asibiti.

Ki samu tela ya ɗinka ɗan ƙyalle a cikin kowace rigarsa, a rubuta sunansa da unguwarku da lambar waya biyu da alƙalamin da ba ya wankuwa. Kati a aljihu yana faɗuwa, ko ya ba wani. Ki kuma ɗauke shi hoto a wayarki duk bayan 'yan watanni, saboda in ta kai ga cigiya, hoton da zai yi amfani shi ne na kamanninsa na yanzu.